Milada Petrikova-Pavlikova: Matar da ta share wa mata fagen zanen gini a ƙasar Cek

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, sunan wannan baiwar Allah ne ya fara jan hankalina kafin aikinta. A al'adar harshen Cek, akan liƙa ɗafin -ova a ƙarshen sunan uba ko na miji domin a samar wa mace sunan dangi. Ke nan Petrikova-Pavlikova sunaye ne na maza biyu, wato mijinta da mahaifinta, alhali kuwa guminta ne ya sa ake tunawa da ita.

An haife ta a garin Tabor a shekarar 1895. A 1921 ta kammala karatu a Jami'ar Fasaha ta Cek da ke birnin Prague, inda ta zama mace ta farko a ƙasar da ta sami shaidar ƙwarewa a zanen gine-gine. Ta auri Theodor Petrik, wanda shi ma masanin gini ne, suka yi aiki tare, amma ba ta ɓace a inuwarsa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda ta zaɓa ta yi wa aiki. Ta zana gidajen kwana domin mata marasa aure masu neman na kansu, sannan ta zana ginin Ƙungiyar Matan Cek a titin Ve Smeckach, wanda aka kammala a farkon shekarun 1930. Jagorar matan da ke taruwa a wurin, Sanata Frantiska Plaminkova, 'yan Nazi ne suka kashe ta a 1942. Ginin kuwa yana nan, har akwai gidan wasan kwaikwayo a cikinsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da salon ginin kankare tsirara ba shafe ya samu karɓuwa, mata sun shiga sahun gaba. Vera Machoninova da mijinta Vladimir ne suka zana kantin Kotva na Prague da aka buɗe a 1975, da otal ɗin Thermal na Karlovy Vary. Alena Sramkova kuma tana cikin waɗanda suka zana sabon zauren babbar tashar jirgin ƙasa ta Prague.

Milada ta rasu a 1985 tana da shekara 89, bayan ta ga waɗannan gine-gine sun tashi. Hausawa sun ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. To, a nan na bayan ma sun yi gaba, domin sun tarar an share musu hanya.