Grace Hopper: Matar da ta hana kamfanonin kwamfuta riƙe wuyan masu amfani da COBOL

An haifi Grace Hopper a birnin New York na Amurka ranar 9 ga Disamba, 1906. Ta samu digirin digirgir a fannin lissafi daga Jami'ar Yale a 1934, ta koyar a kwalejin Vassar, sannan ta shiga rundunar sojin ruwa a 1943. Rundunar ce ta tura ta Harvard aiki da kwamfutar Mark I.

A wancan zamani da lambobi zalla ake bai wa kwamfuta umarni, kuma abin da aka rubuta wa injin wani kamfani ba ya aiki a na wani. A 1952 ta samar da A-0, ɗaya daga cikin manhajojin farko masu juya rubutun mutum zuwa abin da inji ke ganewa. Daga baya ta fito da FLOW-MATIC mai amfani da kalmomin Turanci, wanda a kansa aka dogara sosai wajen tsara yaren COBOL a 1959.

Aikinta da ba a cika ambata ba, kuma a ganina shi ne mafi nauyi, ya zo ne a 1967, lokacin da rundunar ta dawo da ita bayan ta yi ritaya. Ta jagoranci shirya gwaje-gwajen tantance ko manhajar fassara COBOL ta kowane kamfani tana bin ƙa'ida ɗaya. Manufar ita ce idan kamfani ya juya wa abokin cinikinsa baya, ya kwashe aikinsa ya kai wani wuri.

Ta bar soja a 1986 tana da shekara 79, ta koma kamfanin DEC, ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992. Shi kansa DEC ɗin, Compaq ya saye shi a 1998.

Har yau manyan bankuna da dama na kan COBOL, don haka kuɗin da ɗan ci-rani ke aikowa gida Magarya ko Dungas daga Amurka ko Turai yana iya ratsa ta cikinsa. Sai dai masu kula da kayan aikinsa sun ragu, suna ta sauya hannu: OpenText ya sayi Micro Focus a 2023, ya sayar da ɓangaren COBOL ga Rocket Software a 2024. Ƙwararrun ma sun yi ƙaranci. A Afrilun 2020, da masu neman tallafin rashin aiki suka fi ƙarfin tsohon tsarin jihar New Jersey, sai da gwamna Phil Murphy ya fito neman waɗanda suka iya COBOL.