Likita Mila, Bawan Allah da Ya Riƙe Amanar Magana

Karatun yau: 2 Timoti 2:14-19, Zabura 119:9-16

In ka buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa ka ji Allah yana maka magana da harshen da uwarka ta yi maka rarrashi da shi, ka sani akwai waɗanda suka sha wuya kafin haka ta yiwu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Walter Miller, wanda mutanen Zariya suka fi sani da Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872. Ya yi karatun likita a Landan, aikin da zai iya ba shi kuɗi da suna a ƙasarsu. Amma ya ji kiran Ubangiji zuwa ƙasar Hausa, ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Bai yarda ya zo da bakin tafinta ba. Sai ya tafi Tarabulus, inda fatake da alhazai Hausawa suke yada zango, ya zauna yana koyon Hausa a bakinsu. A can ya haɗu da wani yaro ɗan ƙasarmu ta Katsina, Abdul Majid Tafida, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyar Makka. Yaron nan ya zama ɗan gidansa kuma mataimakinsa.

A 1900 shi da Bishop Tugwell da wasu mutum uku suka iso Kano. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ba su kwana uku su bar gari. Suka koma Girku, a ƙasar Zazzau. Nan ɗayansu ya mutu, ciwo kuma ya kama sauran, har aka mai da Mila gida. Da wani ne, da ya ce Allah ya rufe ƙofa. Shi kuwa da ya warke sai ya dawo. A 1905 ya sami zama cikin birnin Zariya, ya buɗe wurin shan magani da makarantar yara.

Kada ka yi tsammani taro ya cika masa gida. Shekara ta bi shekara, masu ba da gaskiya 'yan kaɗan ne. A 1913 wasu mutane da ake kira Isawa suka nemo shi, domin sun daɗe suna marmarin ƙarin sani game da Isa Almasihu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, murna ta cika zuciya. Ba a jima ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kwashe mutane da yawa. Duk da wannan baƙin ciki bai ajiye aiki ba. Ya ci gaba da renon yaran da suka tsira. Daga makarantarsa Dokta R.A.B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa.

Bakinsa kuma bai san ɓoye gaskiya ba. In ya ga ana cinikin bayi ko ana zaluntar talaka, sai ya faɗa, ko da hakan zai ɓata tsakaninsa da Turawan mulki 'yan ƙasarsu. Ya yi magani ga Musulmi da Kirista ba tare da bambanci ba.

Babban aikinsa shi ne fassara. Shi da abokan aikinsa Hausawa da ma'aikatan wasu mishan suka yi ta auna kalma ɗaya ɗaya, domin kada su ƙara a kan abin da Allah ya faɗa, kada kuma su rage. Sai a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, shekara talatin da biyu bayan an kore shi daga Kano. Littafin ya shiga inda ƙafarsa ba ta taka ba: ya zo Katsina da Jibiya, ya ƙetare iyaka zuwa Maraɗi da Tsibiri da Damagaram. Mila bai yi aure ba. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru kusa da Jos, ya rasu a 1952 yana da shekara tamanin.

To, kai fa? Mu da muke zaune a Mazanya, a bakin iyaka, mun san jarabar wurin nan. Akwai buhun da ake rage wa mudu biyu a ɗinke baki. Akwai kayan da ake ɓoyewa ƙarƙashin wasu, da canjin sefa da ake cutar baƙo da shi don bai san farashi ba. Mutum zai ɗaga hannu ran Lahadi yana yabo, ran kasuwa kuma ya rantse a kan ƙarya. Maƙwabcinka da bai taɓa buɗe Linjila ba, mudunka yake karantawa. Wanda ya yi rawar jiki kada ya canza kalma ɗaya ta Ubangiji, yana koya mana mu ji tsoron canza awo da alkawari.

Wataƙila kai ma ka daɗe kana riƙon gaskiya, riba ba ta zo ba, waɗanda suka bi ta bayan gida kuwa sun gina shaguna. Ka tuna da shekara talatin da biyu na Likita Mila. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Ka buɗe Littafin nan kowace safiya kafin ka fita, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ba ka ikon aikata abin da ka karanta.

Addu'a: Ya Uba, na gode domin bayinka da suka kawo mana Maganarka da harshenmu. Ka tsarkake bakina da hannuna. Ka cika ni da Ruhunka, in tsaya a kan gaskiya a gida da kasuwa da kan hanya, ko ana ganina ko ba a gani. Cikin sunan Yesu. Amin.