Ibrahim Linkon da Yaƙin Basasa na Amurka

Yaƙin basasa shi ne yaƙin da 'yan ƙasa ɗaya su ke yi da juna. Ya fi kowane yaƙi ɗaci, gama wanda ka harba ɗan'uwanka ne, gonar da ka ƙone kuwa ta ƙasarku ce. Amurka ta sha wannan ɗaci shekara huɗu, daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da 600,000 suka hallaka. Ku 'yan makaranta, in kuna so ku gane mafarin wannan yaƙi da ƙarshensa, sai ku bi labarin mutumin da ya riƙe ƙasar a lokacin. Sunansa Abraham Linkon, wato Ibrahim a bakinmu.

An haife shi ran 12 ga Fabrairu, 1809, a jihar Kentaki, cikin wata bukka ta gumagumai mai ɗaki ɗaya. Ubansa talaka ne, manomi. Yana da shekara 7 suka yi ƙaura zuwa dajin Indiyana, yana da shekara 9 uwarsa ta rasu. Ubansa ya auro wata mace, sunanta Saratu. Ita kuwa ta riƙe yaron kamar ɗan cikinta, ta ƙarfafa shi ga karatu. Duk zamansa a makaranta, in an haɗa, bai fi shekara guda ba. Yakan wuni yana saran itace, in ya sami sarari sai ya ɗauki littafi. Littafi Mai Tsarki yana cikin 'yan littattafan da ke gidan, ya kuwa san shi ƙwarai.

A 1828 ya sami aiki a jirgin kaya, ya gangara kogin Misisipi har birnin Niyu Olins, inda kasuwar bayi mafi girma ta ƙasar ta ke. A nan ya kamata mu dakata mu duba yadda Amurka ta ke a zamanin. Jihohinta na arewa sun bar bauta, ga masana'antu da ma'aikata masu karɓar lada. Jihohin kudu kuwa arzikinsu auduga ne, bayi ne ke noma ta. Kakannin bayin nan daga Afirka aka kwaso su, da yawa daga Afirka ta Yamma. A 1860 bayi sun kusa miliyan 4 cikin mutum miliyan 31. Ana iya sayar da miji a raba shi da matarsa, ko ɗa a raba shi da uwarsa. A jihohi da dama doka ta hana a koya wa bawa karatu. Gardamar ta shiga har cikin ekklesiya: Metodis suka rabu biyu a 1844, Baptis kuma a 1845.

Ibrahim ya koma jihar Ilinoi. Ya yi tsaron kanti, ya yi aikin gidan waya da awon ƙasa, ya koya wa kansa shari'a har ya zama lauya a 1836. Ya auri Maryamu Tod a 1842, suka haifi 'ya'ya maza huɗu, amma ɗaya kaɗai ya kai ga manyanta. A 1854 aka yi doka wadda ta buɗe wa bauta hanya zuwa sababbin ƙasashe na yamma. Wannan ya tashe shi tsaye. Ya yi ta yawo yana faɗa wa jama'a bauta mugun abu ce, kada a bar ta ta yaɗu. Ya nemi kujerar majalisar dattawa a 1858, ya faɗi, amma sunansa ya bazu. A Nuwamba 1860 aka zaɓe shi Shugaban Ƙasa.

Bai ce zai ƙwace bayin kowa ba. Duk da haka manyan kudu suka ga in bauta ba ta yaɗu ba, wata rana za ta mutu. Kafin ya hau kujera jihohi 7 suka ɓalle, suka naɗa nasu shugaba, Jefason Debis. Daga baya 4 suka bi su, suka zama 11. Ran 12 ga Afrilu, 1861, sojan kudu suka buɗe wuta a kan sansanin gwamnati na Samta. Yaƙi ke nan.

Da fari nufin Ibrahim ɗaya ne, kada ƙasa ta tsage. Mutane suna tsammani abin na 'yan watanni ne, ashe ba haka ba ne. Kudu tana da gwanin yaƙi, Janar Li, wanda ya yi ta fatattakar rundunan gwamnati. A tsakiyar wannan wahala ɗan Ibrahim mai shekara 11 ya rasu a Fabrairu 1862. A Satumba na shekarar aka gwabza a Antitam, mutum wajen 23,000 suka mutu, ko suka ji rauni, ko suka ɓace, cikin yini ɗaya. Su kuma bayi ba su zauna jira ba, dubbai suka yi ta gudu zuwa wurin sojan gwamnati.

Sannu a hankali Ibrahim ya gane ba a yanke reshe a bar saiwa. Muddin akwai bauta, ƙasar ba za ta zauna ɗaya ba. Ran 1 ga Janairu, 1863, ya sa hannu a shelar 'yantar da bayin da ke cikin jihohin da suka yi tawaye. Shelar ta kuma buɗe wa baƙar fata ƙofar shiga soja, wajen mutum 180,000 suka shiga. A Yuli na wannan shekara aka yi kwana uku ana yaƙi a Getisbag, aka kori Janar Li. Daga nan ƙarfin kudu ya soma raguwa. A 1864 ya ba Janar Girant dukan runduna, jama'a kuma suka sake zaɓensa.

Sa'ad da ya sake rantsuwa a Maris 1865, nasara ta kusa, amma bai yi fahariya ba. Ya tuna wa mutane cewa arewa da kudu Littafi ɗaya su ke karantawa, Allah ɗaya su ke roƙo. Ya ɗauki yaƙin a kan watakila hukunci ne bisa ƙasar duka saboda alhakin bayi. Ya roƙa a bar ƙeta, a lura da gwauraye da marayu. Ran 9 ga Afrilu Janar Li ya ba da kai. Girant bai wulakanta su ba. Ya ba su abinci, ya sallame su gida, masu dawaki suka tafi da dawakinsu domin noma.

Bayan kwana biyar, ran Jumma'a Mai Kyau, 14 ga Afrilu, wani mai goyon bayan kudu, Jon Wilkis But, ya harbe Ibrahim a gidan wasa a Washinton. Kashegari da safe ya cika, yana da shekara 56. Bai ga ƙarshen aikinsa ba. A Disamba 1865 aka tabbatar da gyaran tsarin mulki wanda ya hana bauta a dukan Amurka. Amma hana bauta dabam, ba mutum hakkinsa dabam. Jikokin bayin sun yi shekara wajen 100 ana ware su, ana hana yawancinsu zaɓe a kudu, sai a 1964 da 1965 aka yi dokokin da suka kawar da wannan.

To, ku 'yan makaranta, duk lokacin da kuka karanta labarin yaƙin basasa na wata ƙasa, kada ku tsaya ga sunayen janar-janar da filayen daga kaɗai. Ku tambaya, wane zalunci aka bari ya daɗe har ya haifi yaƙin? Me aka yi wa waɗanda aka ci? Waɗanda aka yi yaƙin a kansu kuma, yaushe suka sami hakkinsu?