Santiago Ramón y Cajal (1852–1934): Likitan da Ya Gano Yadda Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa Ke Sadarwa

Gabatarwa

Duk ɗalibin sakandare a Gaya ko Ajingi da ya buɗe littafin kimiyyar halittu zai ci karo da zanen ƙwayar jijiya, mai rassa kamar bishiya da doguwar saiwa guda. Ilimin da ke cikin wannan zane ya samo tushe ne daga aikin wani likita ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal. Wannan maƙala ta kawo taƙaitaccen tarihinsa da abin da aka gina a kan bincikensa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Cajal ranar 1 ga Mayu, 1852 a ƙauyen Petilla de Aragón. Mahaifinsa likita ne mai tsauri, shi kuwa ya tashi gagararre, hankalinsa duk yana ga zane. Da abin ya ishi mahaifin, sai ya kai shi koyon aski, daga baya kuma dukanci. Duk da haka ya kammala karatun likitanci a Zaragoza a 1873. An tura shi Kyuba a matsayin likitan soja, inda zazzaɓin cizon sauro ya kusa hallaka shi. Ya dawo gida a 1875, kuma da ɗan abin da ya tara ya sayi madubin hangen ƙananan halittu na farko da ya mallaka.

Bincikensa

A wancan zamani yawancin masana sun ɗauka cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa a haɗe suke kamar komar masunta, babu inda zare ya yanke. A 1873 wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi, ya ƙirƙiro hanyar rina naman ƙwaƙwalwa da sinadarin azurfa. Rinin yakan kama ƙwayoyi kaɗan ne kawai, amma ya fito da su baƙi ƙirin tun daga tushe har ƙarshen rassa.

Cajal ya ga wannan hanya a Madrid a 1887, ya kuma inganta ta. Dabararsa ita ce duba ƙwaƙwalwar 'yan tayin tsuntsaye da ƙananan dabbobi, tun jijiyoyin ba su cunkushe ba. A 1888, yana Barcelona, ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi: takan kusanci maƙwabciyarta har kamar ta taɓa ta, amma ba ta narkewa a cikinta. Da yake ba a cika karanta Sifaniyanci a fagen kimiyya ba, sai ya ɗauki samfuransa ya tafi taron masana a Berlin a 1889, inda ya gamsar da Albert von Kölliker, wanda ya yayata aikinsa.

A 1890 ya gano kumburin da ke kan jijiya mai tsiro, wanda ke lalube har ya isa inda zai haɗu da wata ƙwaya. Ya kuma yi hasashen cewa wasu sinadarai ne ke jan sa. A laccar da ya gabatar a Landan a 1894, ya kawo ra'ayin cewa yawan aiki da hankali yana ƙara rassa da mahaɗai tsakanin ƙwayoyi. Charles Sherrington, wanda ya sauke shi a gidansa, shi ne ya raɗa wa wannan mahaɗa suna sinaf a 1897.

A 1906 aka ba Cajal da Golgi kyautar Nobel tare. Golgi ya yi amfani da jawabinsa wajen kare tsohon ra'ayi, saɓanin kuwa bai ƙare ba. Cajal ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba, 1934, ba tare da ya ga ratar da ya yi imani da ita ba, domin madubin zamaninsa ba ya iya nuna ta.

Bayan Rasuwarsa

A tsakiyar shekarun 1950 madubi mai aiki da lantarki ya nuna ratar, mai faɗin kimanin nanomita 20. A daidai lokacin ne Edwin Krebs da Edmond Fischer suka gano cewa ƙwaya kan kunna ko kashe aikin furotin ta hanyar liƙa masa sinadarin fosfet ko cire shi. Paul Greengard ya nuna cewa da wannan hanya ce saƙon sinadarin dofamin ke sauya aikin ƙwayar jijiya, Eric Kandel kuma ya danganta ƙarfafar mahaɗa da koyo da tunawa. Dukansu biyu sun sami Nobel a 2000 tare da Arvid Carlsson.

Kammalawa

Kalmar jijiya a Hausa ta ƙunshi hanyar jini da agara da kuma hanyar saƙon ƙwaƙwalwa. Bambancin da Cajal ya ƙarar da rayuwarsa wajen tabbatarwa ba zai isa ga mai karatu da Hausa ba sai an tantace waɗannan ma'anoni an daidaita sunayen ƙwaya da reshe da mahaɗa, kuma wannan aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe da likitoci tare.