Georg Ohm: Ɗan Maƙerin Da Ya Auna Turjiyar Waya

Duk butar lantarki ko dutsen guga da 'yan kasuwarmu ke sarowa a Deira, wajajen Al Ras ta Dubai, za mu ga lambobi a jikinsa: volt kaza, wat kaza. Lissafin da ke bayan waɗannan lambobi, kaso mai tsoka na wani malamin sakandare ne Bajamushe, Georg Simon Ohm.

An haife shi a garin Erlangen ranar 16 ga Maris, 1789. Mahaifinsa maƙerin kwaɗo da mukulli ne, bai yi karatun boko mai zurfi ba, amma ya koyar da kansa lissafi, ya kuma zaunar da 'ya'yansa biyu, Georg da Martin, ya koya musu. Georg ya shiga jami'ar garinsu a 1805, sai ya shagala da raye-raye da wasanni. Uban bai yi wata-wata ba, ya tura shi Suwizalan ya je ya koyar. Daga baya ya dawo ya sami digirin dakta a 1811.

A 1817 ya kama aiki a wata makaranta a birnin Kolon, wadda ke da ɗakin gwaji mai kyau. Matsalarsa ita ce batiran wancan zamani ba sa tsayawa a ƙarfi ɗaya. Sai ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bizmut, ya tsoma mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar a ƙanƙara, ya sami wuta mai ɗorewa. Da ita ya riƙa gwada wayoyi, doguwa da gajeriya, yana rubuta abin da allura ta nuna.

Abin da ya gano, wanda ya buga a littafi a Balin a 1827, shi ne: gudun wuta a waya yana ƙaruwa daidai da ƙarfin da ke tura ta, yana raguwa daidai da turjiyar wayar. Mu ɗauki buta mai jan amfiya 10 a kan volt 230, wanda shi ne ma'aunin Najeriya da na Dubai. Raba 230 gida 10, turjiyarta 23. Ninka su kuwa, wat 2,300 take sha. Wanda ya jona irin wannan buta guda biyu a soket mai fis na amfiya 13, ya nemi amfiya 20 ke nan. Aikin fis na gaske shi ne ya tsinke in wuta ta yi yawa. In an ɗaure shi da waya, kamar yadda wasunmu ke yi, waya ce za ta ɗau zafi, a shago cike da atamfa.

Manyan malaman Jamus ba su karɓi littafin hannu bibbiyu ba. A ganinmu har da raini: me malamin yara zai gaya wa farfesoshi? Ohm ya ajiye aikinsa na Kolon, ya yi shekaru yana 'yan koyarwa a Balin, sai a 1833 ya sami gurbi a Nurambag. Turawan Ingila ne suka ɗaga shi da lambar Copley a 1841. Kujerar farfesa da ya daɗe yana nema a Jami'ar Munik ta zo a 1852, ya rasu ranar 6 ga Yuli, 1854, bai taɓa aure ba. A taron masana lantarki na Faris a 1881 aka tabbatar da sunansa a kan ma'aunin turjiya.