Samuel Ajayi Crowther, Bawan da Ya Zama Mai Kiwon Ikkilisiya

Cikin sura ta 28 ta Bishara ta hannun Matiyu, Ubangiji ya umarci almajiransa su tafi su almajirtar da dukan al'ummai. Domin mu ga yadda aka bi wannan umarni a ƙasar nan, bari mu duba zaman Samuel Ajayi Crowther.

An haife shi a garin Oshogun, ƙasar Yarabawa, wajen shekara ta 1809. A 1821 mahara suka fāɗa wa garin, suka ƙone shi, suka kama yaron tare da uwarsa da ƙannensa. Aka raba su. Aka yi ta cinikinsa daga hannu zuwa hannu, har an taɓa musanya shi da doki, kafin ya kai hannun Turawan Fotugal a Ikko. A watan Afrilu 1822 jiragen yaƙi na Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, suka sauke bayin a Saliyo, 'yantattu. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825. Shi ne ɗalibi na fari da aka rubuta a makarantar Fourah Bay sa'ad da aka buɗe ta a 1827.

A 1841 ya hau Kwara tare da ayarin da gwamnatin Ingila ta aiko, shi da Schön, Bajamushen nan da ya ba da ƙarfinsa ga nazarin Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a tafiyar. Daga nan shugabannin mishan suka gane cewa in bishara za ta shiga ƙasar, sai ta bakin 'ya'yan ƙasa. Aka keɓe Crowther ga aikin fasto a 1843, ya isa Abeokuta a 1846. Can kuwa ya gamu da uwarsa, bayan shekara 25 da rabuwa. Ta karɓi baftisma a 1848, aka sa mata suna Hannatu.

Babban aikinsa harshe ne. Ya sani mutum ba ya zama almajiri da maganar da bai ji ba. Saboda haka yakan zauna wurin dattawa da masu tsafi, yana kasa kunne ga karin magana da kalmomin da suke kiran sunan Allah da zunubi da hadaya da su, yana rubutawa. Shi ya jagoranci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya kuma shirya littafin koyon karatu na Ibo a 1857, da na Nufanci a 1860. Wanda ya taɓa kwana yana neman kalma guda da za ta ɗauki ma'anar alheri, shi ya san nauyin wannan aiki. A 1857 ya kafa aikin bishara a Anacha, daga baya a Lokoja, ran 29 ga Yuni 1864 kuma aka naɗa shi bishop a Canterbury, baƙar fata na fari da ya sami wannan matsayi cikin ikkilisiyar Angilikan.

Abin da ya fi dacewa mu lura da shi, mu da muke zaune tare da maƙwabta Musulmi, shi ne halinsa a gabansu. Akwai Musulmi cikin waɗanda suka kama shi yana yaro, duk da haka bai riƙe su a zuciya ba. Ya yi abuta da Masaba, Sarkin Nufe, yana kai masa gaisuwa a Bida. Tun yana Saliyo ya gwada gardama, ya ga ba ta jawo kowa. A 1872, a fadar Sarkin Ilori, malamai suka yi masa tambayoyi a kan Almasihu. Bai kushe kowa ba, bai kuwa ɓoye bangaskiyarsa ba. Kowace tambaya sai ya buɗe Littafin, ya karanta amsa da Yarabanci: labarin Jibra'ilu da Maryamu cikin Luka sura ta 1, da Yahaya sura ta 14. Aka saurare shi, aka rabu lafiya.

Ƙarshen zamansa ya zo da ɗaci. Wajen 1890 waɗansu samarin mishan suka zo daga Ingila da zafin himma da ƙarancin haƙuri. Suka tuhumi ma'aikatansa 'yan Afirka, suka dakatar da da yawa, har da ɗansa Dandeson, a gaban idon tsohon. Gaskiya ne akwai aibu ga waɗansu ma'aikatan, gama Crowther mai sanyin hali ne wajen horo. Amma abin da aka yi masa rashin adalci ne, raini ga launin fata kuma yana ciki. Ya kamu da shanyewar jiki, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa.

A 2014, da aka cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Canterbury, Justin Welby, ya furta tuba a fili saboda yadda ikkilisiyar Ingila ta wulakanta shi.