John Snow: Likitan Da Ya Bi Sawun Amai Da Gudawa Har Bakin Famfo

Duk sanda amai da gudawa ya ɓulla a nan Haj Abdalla ko sauran ƙauyukanmu na Jazira, kamar yadda kwalara ta yi wa Sudan a 2024, abin da ma'aikatan lafiya kan fara tambayarmu shi ne inda muke ɗibar ruwa. Wanda ya koya wa duniya wannan tambaya wani likitan Ingila ne, John Snow.

An haife shi ranar 15 ga Maris, 1813 a garin York. Ɗan lebura ne, shi ne babba cikin 'ya'ya tara. Yana da shekara 14 aka kai shi Newcastle koyon aikin likita, a yankin ne ya fara jinyar masu kwalara cikin masu haƙar kwal a 1832. Da ya koma Landan ya yi suna wajen maganin kashe zafi, har shi ya shaƙa wa Sarauniya Victoria a haihuwarta ta 1853 da ta 1857.

A zamanin, manyan likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ke kawo kwalara. Tun 1849 Snow ya rubuta cewa ta baki take shiga, ta ruwan da bayan gida ya taɓa. Ba a kula shi ba.

A ƙarshen Agustan 1854 cutar ta afka wa unguwarsa, Soho. Cikin kwana 10 mutum sama da 500 suka rasu. Snow ya bi gida-gida yana rubuta mamata da inda suke shan ruwa, sai ya ga mutuwar ta kewaye famfon titin Broad. Wani gidan gajiyayyu da ke kusa, mai mutum 535, biyar kawai ya rasa, domin yana da rijiyarsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne wata mata a Hampstead, nesa da unguwar, wadda ake kai wa ruwan famfon a kwalba don ɗanɗanonsa na yi mata daɗi. Ta rasu. Ku 'yan kasuwa da ke ɗaukar jarka daga wannan kasuwa zuwa waccan, kun ga yadda cuta ke tafiya ke nan.

Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. A gaskiya annobar ta riga ta fara lafawa, kuma daga baya hukuma ta mayar da hannun, ba ta gamsu ba. Wani limamin coci, Henry Whitehead, shi ya gano cewa ruwan wankin tsummokin wata jaririya mara lafiya aka zuba a wani ramin masai dab da rijiyar.

Snow ya rasu ranar 16 ga Yuni, 1858 bayan shanyewar jiki, yana da shekara 45, bai yi aure ba, bai kuma ga an karɓi ra'ayinsa ba.

Ba kwalara kaɗai ake bi ta hanyarsa ba. A 1968 amai da gudawa ya kama wata firamare a Norwalk ta Amurka, a 1972 kuma aka gano ƙwayar da yau ake kira norobairas, wadda kan kwantar da ɗalibai a ɗakunan kwanan jami'o'i. Yanzu masu bincike na gwada ƙwayoyin halittarta daga bayan gidan majinyata. In sun zo iri ɗaya, sai a nemi ɗakin girki ko tankin da ya haɗa su.